Saniyar da Ba Ta Jira Kakana Ba

Bari in fara da wautar da na tafka ranar sadakar uku, kafin wani ya riga ni ba da labarin ya ƙara masa gishiri, don a gidanmu ƙarin gishiri aikina ne.

Muna zaune a ƙofar gida a Tsafe, ana karɓar gaisuwar rasuwar kakana, mahaifin innata, sai hadari ya taso ta bayan dutse. Iska ta fara ɗaga tamfol ɗin da aka yi rumfa da shi. Kawu ya ce in samo abu mai nauyi in danne igiya. Na shiga ɗakin marigayi, na jawo wata 'yar tukunyar darma daga ƙarƙashin gadonsa. Girmanta bai wuce kwanon sha ba, amma sai da na rungumo ta ina nishi. Na dire ta a tsakiyar jama'a.

Wani tsoho daga 'Yandoto ya ƙura mata ido ya ce, "Kai yaro, wagga ba tukunyar wutar Malam ba ce?"

Ban taɓa sanin tsofaffi na da gudu haka ba. Wanda aka kawo a riƙe da safe, shi ya riga kowa kaiwa bakin masallaci. Takalman da aka bari a wurin sun isa a buɗe shago. Kawu ya buɗe tukunyar, ya zazzage ta a kan tabarma: makullai ne da allurar ɗinki da maɓallan riga. Sannan ya ba ni ranƙwashin da har yau in na yi sujada nakan tuna.

Da aka dawo aka zauna, sai kowa ya fara faɗin abin da ya sani game da marigayin. Wani ya ce babban likita ne. Wani ya ce ba likita ba ne, ko ciwon kai bai taɓa ba shi magani ba. Wani direba abokin Kawu ya rage murya ya ce shi dai ya ji a tasha cewa bam yake haɗa wa Turawa. Liman ya ce mutumin sahun gaba ne, Allah ya jiƙansa, aka shafa. A cikin gida mata suna cewa mutum ne mai yawan wanke hannu.

Na zauna ina ji, raina yana ɓaci. Mutum ya ƙarar da ƙarfinsa a kan abu guda, kuma a ƙofar gidansa ba wanda zai iya faɗin ko mene ne. Shi ya sa na ɗauki biro. Daga Allah muke, gare shi za mu koma, amma kafin nawa komawar ina so a san wane ne ya tafi.

Ni da shi wasan jika da kaka muke yi. Ina ce masa likitan ɓeraye, don a jikinsu yake gwajin aikinsa, yana ce mini gidan rediyo. Kimiyyar haɗa sinadarai ya karanta, har ƙasar waje, sannan ya yi aiki a wani babban asibiti can kudu har ya yi furfura. Aikinsa shi ne neman hanyar ganin ƙarin nan na ciwon daji da ke tsirowa cikin jikin mutum tun bai fito fili ba. Wata rana muna cin gyaɗa na ce ya yi mini bayani yadda ko akuya za ta gane.

Ya ce, "To saurara, akuya. Ƙari makwaɗaici ne. Sai ka nemo abin da yake so ya ci, ka ɗaura wa abin nan 'yar ƙararrawa, ka yi wa mutum allurarsa. Ƙararrawar wani sinadari ne mai fitar da hasken da ido ba ya gani, amma akwai na'urar da ke jin sa. Inda ƙari yake, nan abin zai taru. Na'ura ta bi jiki tana saurare, ta zana maka wurin."

"To kai me ka yi a ciki?"

"Ni mai ɗaura ƙararrawa ne. Na so in haɗa nawa, wanda zai tafi ga ƙari kai tsaye bai tsaya gaisawa da kowa a hanya ba."

"Ya tafi?"

"Ya tafi mafitsarar ɓera. In gyara, ya tafi hanta. In sake gyarawa, ya koma mafitsara. Ba wanda ya kai ni sanin fitsarin ɓera a ƙasar nan."

Ya yi dariya har da tari. Bai taɓa ɓoye cewa nasa haɗin bai yi nasara ba. Wanda ake yi wa mutane a asibitin na wasu ne, shi dai ya iya haɗa shi da kyau, ya kuma koya wa yara.

Shi ya gaya mini labarin saniya. Sinadarin mai haske ba ya ajiyuwa, kullum raguwa yake yi. Don haka daga waje ake kawo shi ta jirgi, cikin wani tulu mai rigar darma, su kuma ma'aikatan suna kiran tulun saniya. Kowace safiya a tatse ta, a haɗa allurar ranar. Nonon yau bai kai na jiya ba, na gobe ba zai kai na yau ba, cikin mako guda da 'yan kwanaki ta ƙafe. Na ce wannan ai saniyar banza ce, ko mahauci ba zai taya ba. Ya ce duk da haka ya fi kewarta a kan wasu mutane.

Yana da magana guda da yake maimaitawa, wadda ya ce ita ce dokar ɗakin aikinsu: abu mai zafi, ka ba shi nisa, kada ka daɗe a gabansa, ka sa bango a tsakani. Da ita yake raba faɗa a unguwa. Da ita yake guje wa taron siyasa. Ko garwashi zai ɗauka, sai ya sa awartaki ya miƙe hannu kamar mai ba kura nama.

Amma na ga inda ya karya dokar. Akwai wata tsohuwa a 'Yankuzo da ciwon nono ya ci, har wari ya hana 'yan'uwanta zama ɗakin. Ba danginmu ba ce. Kakana ya ji labari a kasuwa. Daga ranar, duk Juma'a sai ya ɗauke ni a bayan babur mu je. Ni ina tsayawa waje ina toshe hanci da hula, shi yana ciki a kan kujerar tsugunno, yana koya wa 'yarta wanke ciwon, yana yi wa tsohuwar hirar farashin gero. Bai da maganin da zai ba ta. Sau ɗaya a hanyar dawowa ya ce, "Da an gan shi tun yana kamar ƙwayar wake." Bai ƙarasa ba.

Inda ya bi dokar sosai shi ne tsakaninsa da yayarsa, wadda ke aure a Nahuce ta ƙasar Bungudu. Kowa Yaya yake ce mata saboda shi. Tun kafin a haifi innata ba sa magana. Abin da muka sani shi ne mahaifiyarsu ta rasu yana can wurin karatu, bai zo ba sai bayan an share makoki. Yakan ce kowane zafi yana raguwa da rabi in an ba shi lokaci. Na ce masa fushin Yaya dai ba shi da rabi, ninkawa yake yi. Ranar bai yi dariya ba.

Ciwonsa ya fara ne bayan babbar sallah. Baya, sannan ƙugu. Ya rame har wandonsa ya koma na mutum biyu. A asibitin Gusau an ɗauki hoton ƙashi irin na kowa, likita ya ɗaga shi a taga ya juya, ya ce akwai abin da yake zargi amma bai fito ba. Kakana ya ce masa ya sani. A mota ya yi mana bayani ba kwana-kwana: in abin wuri ɗaya yake, ana iya yankewa ko a ƙona shi, ya ƙara 'yan shekaru. In ya bazu cikin ƙasusuwa, sai a dawo gida. Kuma likitocin ba za su taɓa shi ba sai sun ga hoton nan mai ƙararrawa. A duk inda muka sani, tsohon wurin aikinsa kaɗai ke yi, shi ma watanni ke nan ba a kawo musu saniya ba.

Muka yi ta jira. Duk mako Kawu yana zuwa wani shago a Gusau mai wayar tarho, yana kiran tsohon ɗalibin Kaka wanda yanzu shi ke riƙe da ɗakin aikin. Wata rana ya dawo ko kashe mota bai yi ba, yana ihu tun daga waje: ta iso! An ce mu taho yanzu, mutane sun yi layi, kuma ba a san ranar da wata za ta sake zuwa ba.

Shekarar ce ake kwana a layin mai. Kawu ya bi 'yan bumburutu lungu-lungu, ya haɗa jarkoki har motar tana wari kamar gidan mai. Kaka kuma ya bi maƙwabta gida-gida ana yafe wa juna, kamar yadda mai doguwar tafiya ke yi. Aka ce ni zan bi su, don ni ne mai ɗaga shi. Da safe muka shimfiɗa masa katifa a baya. Kawu ya hau titi ya karya kan mota hagu, hanyar da za ta kai mu Funtuwa, sai Kaka ya ce, "Juya."

"An yi mantuwa, Baba?"

"Nahuce za mu fara zuwa."

Kawu ya taka birki har kaina ya gaisa da gilashi. Nahuce tana bayan Gusau, mu kuma gabanmu kudu ne. Ya ce, "Baba, don girman Allah. Man nan da ƙyar na same shi. Kai da bakinka ka ce abin nan raguwa yake yi. In mun dawo na kai ka, ko a bayana ne."

"In mun dawo," in ji Kaka. "Kai ka ga takardar da aka rubuta za mu dawo? Na nemi gafarar mai shayi, na nemi ta mai facin taya. Ba zan tsallake wadda muka sha nono ɗaya ba. Awa ɗaya ce."

Ba awa ɗaya ba ce.

Yaya ta ji sallamarmu, ta aiko jikarta da ruwa. Ta aiko da fura. Da azahar ta aiko da tuwo da man shanu har yana kwaranya. Ita dai ba ta fito ba, kuma ta ce kada ya shigo. Kawu ya ce ai tunda ta ba da abinci ta huce, mu tafi. Kaka ya ce baƙo ko maƙiyi ne ana ba shi tuwo, abinci ba yafiya ba ne. Ya sa na shimfiɗa masa katifar a zaure.

Gari ya waye muna nan. Ya sake wayewa muna nan. Kawu ya daina cin abinci, sai zagaya mota yake yi yana harbin taya. Ni kuwa duk safiya in na ji matan gidan suna tatsar shanunsu a baya, sai in tuna can ma an tatsa, kuma na yau bai kai na jiya ba. Na roƙi Kaka. Na yi masa wasa, na ce ɓerayen da ya kashe ne suka kai ƙararsa. Na yi masa rashin kunya. Ya ce in miƙo masa buta.

Sai na shiga wurin Yaya da kaina, tunda ni jika ne, ba a hana ni ɗaki. Na same ta 'yar ƙarama kamar a sa a aljihu, tana ɓarar gyaɗa. Na zube na ce Kaka yana aman jini, ya cika kwarya biyu, idonsa ya kakkafe.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Kai ne ɗan wajen ɗiyarshi? Wanda yac ce ya ga kura tana sayen goro kasuwar Tsahe?"

Ashe sunana ya riga ni zuwa Nahuce.

Na ce to gaskiya ita ce akwai maganin da ke jiransa a kudu, kuma maganin mutuwa yake yi kullum.

"Maganin da ka mutuwa, wa zai warkar?"

"Ba warkarwa yake yi ba, Yaya. Nunawa yake yi."

"Nuna mi?"

"Inda ciwon yake."

"Shi bai san inda ka yi mai ciwo ba?"

Duk surutun da Allah ya ba ni ya tsere. Na ce, "Yaya, zai mutu." Sai kuka ya ƙwace mini, irin na majina, a gaban jikokinta mata. Ta tura mini gyaɗa ta ce in ɓare in zan zauna.

Washegari da hantsi ina riƙe da shi a bayan zaure zai yi alwala. Ya dafe ƙugu da hannu ɗaya, ya karkace, yana neman yadda zai tsuguna. Na ji motsi. Yaya ce tsaye a bakin danga, ban san tun yaushe ba.

Ta ce, "Haka Inna tar riƙa dahe ƙugu."

Kaka ya saki butar. Ya ce, "Yaya."

"Yi shiru, Auta. Kai kana zaton don ba ka zo jana'iza ba ne? Gawa ba ta san wa yaz zo ba. Munka aika maka tana ciwo nan ɗakina, kac ce kana zuwa, bari ka gama wani aiki. Kullum sai ta tambaye ni, ya taso? In ce ya taso, Inna. Gobe in ce yana jirgi. Jibi in ce ya iso Kano. Har na kawo ka Gusau da bakina, nac ce mota ce ta lalace. Ta sa anka dama maka hura. Ƙarya kas sa ni yi ma uwata har ta cika. Ita ce ban yahe ba."

Na zaci zai kawo hujja, don yana da su. Ya taɓa gaya mini ciwon mahaifiyarsa ne ya sa ya nace wa aikin. Bai faɗa ba. Ya zame daga hannuna ya durƙusa a cikin laka, abin da ya yi wata biyu bai iya ba, ya ce, "Na yi, Yaya. Ɓeraye na tsaya dubawa. Ki yafe mini."

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sannan ta ce, "Tashi, kana ɓata wando. Na yahe duniya da lahira. Ni ma ka yahe man." Ta shiga ciki. Kafin mu gama sa shi a mota ta fito da mayafi da ƙullin kaya, ta buɗe gaba ta zauna a wurina. Kawu ya ce, "Gwaggo, tafiyar da nisa fa." Ta ce, "Wanga karon da idona zan ga inda mota ka lalacewa."

Ta kuwa gani. Man da muka ƙona ya sa sai da muka sake neman wani a Gusau, ranar ta tafi a nan. Bayan Birnin Gwari ruwa ya cinye hanya, manyan motoci sun kafe, muka bi layi. Kawu yana tuƙi yana salati da ƙarfi kamar mai faɗa da wani. Ni ina baya, kan Kaka a cinyata, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a haƙoransa. Ina ta cewa a raina, ki jira, ki jira, ina roƙon tulun darma kamar mai ji.

Da muka isa asibitin, ɗalibin nasa, wani dogon mutum mai furfura a gemu, yana ganinsa ya kwanta ƙasa ya gaishe shi irin na mutanen can. Da ya tashi idonsa ya yi ja. Da 'yar Hausar da ya koya wurin Kaka ya ce, "Baba, ka yi latti." Ya ce ya riƙe masa wuri har sau uku, daga baya dole ya ba wasu. Kaka ya ce a kai shi ya gani. Aka tura shi a keke zuwa wani ɗaki mai ƙamshin sabulu. Aka tatsi saniyar a gabansa, aka sa 'yar kwalbar cikin ma'auni. Ya sa tabarau ya dubi lambar da ta fito. Ya ce, "Wannan ko ɓera ba zai isa ba."

Na ce a yi masa haka nan. Na ce a tatsa sau goma a haɗa. Na riƙe rigar mutumin, na ce mun zo daga Zamfara, na ce Kaka ne ya koya masa, na ce abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya ce hoton zai fito dishi-dishi, zai iya cewa babu alhali akwai, kuma wannan ya fi rashin hoton muni.

Yaya ta ture ni ta tsaya gabansa, kanta bai kai aljihun rigarsa ba. "Kai ɗan nan, ni na san shanu. In saniya ta hana nono, maraƙi aka kawo mata ta gani. Ina ɗanta?"

Kaka ya fashe da dariya. Yana dariya yana riƙe ƙugu, hawaye na zuba, yana cewa, "Wayyo Yaya, za ki kashe ni." Shi kaɗai ya yi dariyar.

A hanyar dawowa, da muka tsaya sallar la'asar, na tambaye shi ko ya san za mu makara. Ya ce tun safiya ta biyu a zaure yake lissafi, ya sani.

"To me ya sa ba ka tashi ba?"

"Da na wuce, hoton ya fito da muni, da wace ƙafar zan koma Nahuce?"

"Da ya fito da kyau fa? Da wuri ɗaya ne, aka yanke?"

Ya ce, "Shi ne ban sani ba, gidan rediyo." Ni ma ban sani ba, kuma wannan tambayar ce ke hana ni cin tuwo. Wani lokaci ina jin haushinsa. Wani lokaci haushin Yaya. Sai in leƙa in gan ta zaune a bakin ƙofar ɗakinsa da carbi, in rasa inda zan kai haushin.

Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ciwon ya zama kankarar zunubi, ya haskaka masa kabarinsa.

Yaya ba ta koma Nahuce ba, ita ta yi jinyarsa a Tsafe. Ya rasu kafin a yanke gero, ranar Talata da hantsi, ita ta rufe masa ido. Ba a sake kawo wata saniyar ba yana raye, kuma har aka binne shi ba wanda ya ga inda ƙarin yake.